Wiley Post, Wanda Ya Share Fagen Rigar 'Yan Sama-Jannati

An haifi Wiley Post a Texas ta Amurka cikin 1898. Ya rasa idon hagu wajen aikin haƙar mai a 1926, da kuɗin diyyar kuwa ya sayi jirgin sama. A 1933 ya zama na farko da ya kewaye duniya a jirgi shi kaɗai.

Can sama iska takan yi ƙaranci har matuƙi ya suma. Saboda haka a 1934 shi da kamfanin B.F. Goodrich suka haɗa rigar roba mai kwalkwali, wadda ake ɗura wa iskar shaƙa ta matse jiki. Da ita ya kai wajen ƙafa 50,000. Bisa wannan dabara rigunan 'yan sama-jannati suke aiki.

Ya rasu a haɗarin jirgi a Alaska cikin 1935.