Gwamna Girouard, wanda ya sa Baro ta yi suna

An haifi Percy Girouard a birnin Montreal ta ƙasar Kanada cikin shekarar 1867. Soja ne, amma gwanintarsa a wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa take. Shi ya ratsa da hanyar jirgi cikin hamadar Sudan daga Wadi Halfa a 1897. Saboda haka da Lugga ya tashi, sai aka ɗora shi bisa mulkin Arewa a 1907.

A lokacin nan Baro ƙauyen Nufawa ne kurum a bakin Kwara. Nan aka zaɓa don jiragen ruwa su riƙa sauke ƙarafa, daga nan hanya ta nufi Kano. Sarakuna da hakimai aka ɗora wa samo lebura, talakawa kuwa da yawa suka tafi ba da son ransu ba.

Bai ga ƙarshen aikin ba, don a 1909 aka mai da shi Gabashin Afirka. Jirgi ya isa Kano a 1911. Da hanyar Ikko ta haɗu da wannan a Minna, sai ciniki ya juya can, Baro ta soma ja da baya. Ya rasu a London a 1932.