Karl Elsener (1860–1918): Maƙerin da Ya Koma Gida da Sana'arsa

Kamar yadda muka saba, a wannan shafi mukan kawo tarihin wani bawan Allah da ya yi wa mahaifarsa abin a zo a gani. A bana mun tsallaka teku zuwa ƙasar Suwizalan, don mu duba rayuwar wani maƙerin wuƙaƙe. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna birane sun san 'yar wuƙar nan ta aljihu mai jar ƙota da alamar farin gicciye, wadda ake naɗe ta, kuma a cikinta akwai almakashi da mabuɗin gwangwani da sukudireba. Sai dai kaɗan ne suka san cewa asalinta daga wani ƙaramin gari ne da talauci yake korar samarinsa, kuma mutumin da ya ƙirƙiro ta ya kusa tsiyacewa kafin ta karɓu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Karl Elsener ranar 9 ga Oktoba, 1860, a lardin Schwyz da ke tsakiyar duwatsun Suwizalan. Wannan lardi yana cikin guda uku da suka ƙulla ƙawance a shekarar 1291, wanda daga shi ne ƙasar ta samo asali, har ma sunan ƙasar daga sunansa aka ɗauko. Amma tsohon suna ba ya cika tumbi. A zamanin da Elsener ya taso, mutanen wurin manoma ne da makiyaya, ƙasar noman kaɗan ce, masana'antu kuwa babu su sosai. Saboda haka samari da yawa sukan tattara nasu-ya-nasu su yi ƙaura zuwa Amurka da sauran ƙasashe, mafi yawansu kuma ba sa dawowa.

Mahaifinsa mai sana'ar yin huluna ne, amma shi ƙira ce ta ja hankalinsa. Ya koyi ƙirar wuƙa a garin Zug, sa'an nan ya shiga duniya don ƙaro ilmi, ya yi aiki a birnin Faris na Faransa da kuma garin Tuttlingen na kudancin Jamus, wanda ya shahara wajen ƙera kayan fiɗa na likitoci. A can ya goge a kan aikin da ba ya yarda da kuskure, domin askar likita in ta sami tazgaro ko kaɗan ta tashi daga aiki. Da hannunsa ya faɗa, yana iya zama a can ya ci gaba da karɓar albashinsa. Maimakon haka sai ya juyo gida.

Maƙerar Ibach

A shekarar 1884 ya buɗe maƙerarsa a Ibach, wani ƙauye da ke daf da garin Schwyz, a gefen wani rafi wanda ƙarfin ruwansa yake juya duwatsun wasa wuƙa. Mahaifiyarsa, Victoria, ita ce ta tsaya masa tsayin daka a waɗannan shekaru na farko. Yana ƙera wuƙaƙe da asake da kayan aikin likitoci, amma burinsa ya wuce cinikin yau da gobe. So yake ya samar da aikin da zai riƙe samarin lardinsu a gida.

Dama ta zo ta hanyar soja. A wajen 1890 rundunar sojan Suwizalan ta yanke shawarar ba kowane soja wuƙar aljihu. Dalilai biyu ne suka sa haka: sabuwar bindigar da aka ba su tana bukatar sukudireba kafin a kwance ta a goge, kuma abincinsu na daji a gwangwani yake zuwa. Aka tsara wuƙa mai kai huɗu, wato ruwan wuƙa, da basillar huda fata, da mabuɗin gwangwani, da sukudireba, da ƙota ta itace. To, a duk faɗin ƙasar babu maƙerar da za ta iya ƙera adadin da ake so, don haka kwangilar farko ta wuƙa 15,000 sai aka ba wani kamfani na garin Solingen a Jamus.

Wannan abu ya tsaya wa Elsener a rai. A ganinsa, duk wuƙar da aka sayo daga waje aiki ne aka ƙwace daga hannun ɗan gida. Da yake ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya tara maƙeran wuƙa na ƙasar a 1891 suka kafa ƙungiya, don su haɗa ƙarfi su riƙa ƙera wa soja wuƙa. A ƙarshen shekarar suka fara aikin.

Shekarun Wahala

Ba a daɗe ba gaskiya ta yi halinta. Masana'antun Jamus suna aiki da injuna, suna fitar da kaya masu yawa a kan farashi mai sauƙi, su kuwa maƙeran gida da hannu suke yawancin aikinsu. Abokan tafiyarsa suka ga asara ta yi yawa, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Elsener ya ƙi sakin aikin, har dukiyarsa ta ƙare, bashi ya yi masa katutu. 'Yan'uwa da abokan arziki ne suka tallafe shi maƙerar ba ta rufe ba.

A cikin wannan hali ya zauna ya sake duba wuƙar. Ta soja tana da nauyi da kauri, ba ta daɗin ɗauka a aljihu. Dabarar da ya fito da ita ita ce ya jera kayan aiki a gaba da bayan ƙota, ta yadda sifirin ɗaya zai riƙe na sama da na ƙasa. Da sifirin biyu kacal ya sami kai shida, ya ƙara ƙaramin ruwan wuƙa da abin cire toshiyar kwalba, wuƙar kuma ta fito siririya marar nauyi. Ranar 12 ga Yuni, 1897, ya yi mata rajista da sunan wuƙar hafsoshi da 'yan wasanni. Rundunar soja ba ta saka ta cikin kayan da take rabawa ba, amma hafsoshi suka riƙa sayenta da kuɗin aljihunsu, daga nan maharba da masu hawan dutse da matafiya da manoma suka bi sahu. Ga abin da ya fi burge mu: da ciniki ya buɗe, sai ya nemi waɗanda suke bin sa bashi ya biya su cif-cif, ba tare da an tilasta masa ba.

A 1908 gwamnati ta raba kwangilar wuƙar soja tsakanin maƙerarsa da kamfanin Wenger na yankin masu jin Faransanci. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1909, ya sa wa kayansa sunanta, kuma a wannan shekara ya ɗauki alamar gicciye a cikin garkuwa. Daga 1912 ya zama wakili a majalisar lardinsu. Ya rasu ranar 26 ga Disamba, 1918, yana da shekara 58.

Abin da Ya Bari

A 1921 magadansa suka fara aiki da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake kira inox, aka haɗa wannan kalma da sunan tsohuwar aka sami Victorinox. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke Turai suka riƙa sayen wuƙar suna kai ta gida tsaraba, kuma su ne suka laƙaba mata sunan wuƙar sojan Suwizalan. 'Yan sama-jannati sun tafi da ita sararin samaniya. Akwai kuma masu sha'awar tara tsofaffinta, waɗanda da sun dubi tambarin da ke gindin ruwan wuƙar za su faɗi zamanin da aka ƙera ta.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo bayan harin 11 ga Satumba, 2001, lokacin da aka hana shiga jirgin sama da wuƙa. Da yake ana sayar da ita sosai a kantunan filayen jirgi, cinikinta ya faɗi da kimanin kashi 30 cikin 100. Duk da haka kamfanin bai sallami ma'aikata ba. Wasunsu ma aron su ya bayar ga masana'antun maƙwabta har ƙura ta lafa. A 2005 ya sayi Wenger, a 2007 kuma tattaɓa-kunnen Elsener ya karɓi ragama. Masana'antar tana nan a Ibach, tana ciyar da ɗaruruwan gidaje.

Darasi Gare Mu

Mu ma ba baƙin wuƙa ba ne. Manominmu da makiyayi da mahauci da maharbi da dukawa, kowa da irin tasa, maƙeranmu kuma sun gaji zuga-zugi da uwar maƙera tun kaka da kakanni. Amma mu leƙa ɗakunan girkinmu na birni mu ƙirga wuƙaƙen da suka fito daga maƙerar gida. Elsener bai roƙi mutane su sayi kayansa don tausayi ba. Gyara kayan ya yi har suka fi na waje dacewa da bukatar mai saye. Wannan aiki ne na masu ilmi da masu jari, wato ku 'yan'uwa injiniyoyi da 'yan kasuwa da ma'aikata da kuke birane. Ƙarfe mai kyau, da injin wasa wuƙa, da yaro ɗaya ko biyu da za a tura makarantar koyon sana'a su dawo, ba su fi ƙarfin aljihunmu ba in mun haɗa kai. Magabata sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna fata idan kun zo hutun bana za ku ratsa ta unguwar maƙera, ku zauna da su, ku ji abin da suke bukata.