George de Hevesy: Masanin da ya share wa likitoci hanyar bin sawun cutar daji

A shekarar 1911 wani matashi ɗan ƙasar Hungari ya isa Jami'ar Manchester da ke Ingila domin yin aiki ƙarƙashin fitaccen masanin nan Ernest Rutherford. Sunansa George de Hevesy. An haife shi a Budapest ranar 1 ga Agustan 1885, ya kuma kammala digirinsa na uku a Freiburg ta Jamus a 1908. Aikin da maigidan nasa ya ɗora masa shi ne ya tace wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, mai suna radiyom D, daga cikin tarin dalma.

Ya daɗe yana fama, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Daga baya aka gane cewa radiyom D shi ma dalma ne, nauyin ƙwayar zarrarsa kawai ya bambanta, don haka babu dabarar haɗa sinadarai da za ta raba su. Maimakon ya karaya, sai Hevesy ya juya lissafin. Tunda ba sa rabuwa, duk inda dalma ta shiga radiyom D na tare da ita, kuma na'ura na iya jin tururinsa, kamar a ɗaura wa tunkiya ɗaya ƙararrawa don a san inda garke ya nufa. A 1913 shi da Friedrich Paneth suka gwada dabarar a Vienna, ta yi aiki.

A 1923, yana birnin Copenhagen na Denmak, ya bi sawun dalma a cikin saiwa da ganyen wake. A shekarar ce kuma shi da Dirk Coster suka gano sinadarin hafniyom. A 1935 ya bai wa ɓeraye fosfarus-32, ya nuna cewa ƙashi ma yana sabunta kansa a kai a kai. A farkon shekarun 1940 shi da Hans von Euler suka yi amfani da wannan fosfarus wajen auna yadda ƙarin daji ke ƙera DNA a jikin ɓera, da yadda hasken X-ray ke rage aikin.

Yaƙi bai bar shi ya zauna lafiya ba. Da sojojin Jamus suka mamaye Denmak a 1940, ya narkar da lambobin Nobel na zinare na Max von Laue da James Franck a ruwan asid don kada su faɗa hannun 'yan Nazi. Bayan yaƙi aka tace zinaren, aka sake ƙera lambobin. Kasancewarsa mai asalin Yahudawa, ya tsere zuwa Stockholm a 1943. Lambar Nobel ta ilimin sinadarai ta wannan shekarar shi aka bai wa.

A yau likitoci sun kai dabararsa har ga ƙwayoyin gado. Ana ƙera sinadarin da ke manne wa furotin ɗin da wata ƙwayar gado ke samarwa, a liƙa masa fuloorin-18, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kimanin minti 110, a yi wa majinyaci allura, sannan na'urar PET ta ɗauki hoto. Inda ƙwayar gadon ke aiki, nan hoton ke haskawa. A sankarar mama, alal misali, hoton kan nuna ko ƙarin da ya bazu a jiki na ɗauke da makarɓar sinadarin estrojin, wanda hakan ke taimaka wa likita sanin ko maganin da ke toshe sinadarin zai amfani majinyaciyar.

Hevesy ya rasu a Freiburg ranar 5 ga Yulin 1966, yana da shekara 80, ya bar matarsa Pia Riis da 'ya'ya huɗu.