Madam du Kudure, ungozomar da ta koyar da hoto

Yau za mu kawo muku tarihin wata ungozoma ta ƙasar Faransa, Anjelik du Kudure, wadda ta rasu sama da shekara 200 da suka wuce.

An haife ta wajen shekarar 1712 a birnin Kilermon-Feran. Ta koyi aikin karɓar haihuwa a Paris, ta yi shekaru tana yin sa a can, sa'an nan ta koma yankinsu na Obernyi. Abin da ta tarar a ƙauyuka ya tayar mata da hankali. In naƙuda ta yi tsanani, jariri ya zo a gicciye ko da ƙafa, tsofaffin da ke karɓar haihuwa sai su yi ta ja da ƙarfi, don ba su san yadda ɗa yake kwance a mahaifa ba. Sau da yawa a rasa uwa, a rasa ɗa.

Yawancin matan nan ba su iya karatu ba, saboda haka ta nemi hanyar da ido da hannu za su koya. Ta ɗinka siffar ƙugun mace da ƙyalle da fata, da ƴar tsana daidai girman jariri, da cibiya da mabiyiya, har da tagwaye da bakwaini. Kowace ɗaliba takan sa hannu ta juya ƴar tsanar, ta maimaita har hannun ya saba.

A 1759 ta buga littafinta na koyon karɓar haihuwa. A bugun 1769 aka ƙara masa hotuna 26 masu launi, waɗanda aka sassaƙa a kan farantin tagulla, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Hotunan suna nuna ƙashin ƙugu, da kwanciyar ɗa a ciki, da wurin da ungozoma za ta sa yatsunta.

Tun a 1759 Sarki Luwi na 15 ya ba ta takardar izinin koyarwa a duk faɗin ƙasar. Ta yi ta yawo gari gari cikin keken doki har 1783, tana yin kamar wata 2 a kowane zango. Mata wajen 5000 suka koya a hannunta. Ta rasu a Bordo a 1794. Ɗaya daga cikin siffofin da ta ɗinka tana ajiye a gidan tarihin likitanci na birnin Ruwan.

A ƙauyukan bakin Komadugu, daga Shetimari zuwa Boso, mace mai doguwar naƙuda tana da tafiya a gabanta kafin ta kai asibitin Difa. Ungozomar da aka nuna wa hoton kwanciyar ɗa takan gane da wuri haihuwar da ta fi ƙarfinta, ta sa a ɗauki mai ciki tun da sauran lokaci. Muna kira ga hakimai da ma'aikatan lafiya da waɗanda suka gama yaƙi da jahilci su taimaka wannan sani ya kai kowace unguwa. Allah ya sauki masu ciki lafiya.