Hans Spemann, Wanda Ya Raba Ƙwai da Silin Gashi

Da damina kududdufan Kafanchan cike su ke da ƙwan kwaɗi, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya yadda ɗan ɗigon nan ke zama kai da baya da wutsiya. Mutumin da na zaɓa in ba ku labarinsa, a kan wannan tambaya ya ƙare kwanakinsa.

An haifi Hans Spemann a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus cikin shekara ta 1869. Ya soma da koyon aikin likita, sa'an nan ya koma binciken dabbobi. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: madubin ƙara girman abu, da alluran gilashi da ya ke yi da hannunsa, da silin gashin jaririyarsa. Da gashin nan ya ɗaure ƙwan wata 'yar dabbar ruwa mai wutsiya, dangin kwaɗo, ya raba shi biyu. Sai kowane rabi ya zama cikakken ɗa.

Cikin 1919 ya zama babban malami a jami'ar Freiburg. A can ne ɗalibarsa, Hilde Mangold, ta yanko ɗan mitsitsin nama daga wani ɗan tayi, ta dasa a jikin wani. Naman nan ya sa na kewaye da shi ya fid da kai da baya na biyu. Watau ashe wani sashe ne ke umurtar saura abin da za su zama. Aka buga binciken cikin 1924, Spemann ya sa sunansa gaba da nata. Cikin shekaran nan wutar risho ta yi ajalinta, tana da shekara 25. Shi kuwa ya sami lambar Nobel cikin 1935, ya rasu cikin 1941.

Hanyar da suka share ba ta toshe ba. Tun 2013 masana ke amfani da wata dabara, CRISPR, su kashe ƙwayar gado guda a ƙwan kwaɗo ko kifi ko ɓera, su ga gaɓar da za ta lalace, don su gane dalilin da ya sa a kan haifi jariri da naƙasa. Kwaɗon da aka karanta ƙwayoyin gadonsa cikin 2010, Xenopus tropicalis, kakanninsa daga Nijeriya aka ɗauko su.

'Yan'uwana, gobe za a tura mu makarantun ƙauye inda babu ɗakin gwaji, amma akwai kududdufi da kwalba. Mu kai yara su duba da idonsu. In kuwa yaro ya riga mu gano abu, mu faɗi sunansa a gaban aji.