Louis Braille: Ɗan Baduku da Ya Raba Harafi da Siffarsa

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairun 1809 a Coupvray, wani ƙauye da ke gabas da birnin Paris na ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da wani ƙarfen dukanci mai tsini. Ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar ya makance ɗungurungum.

A 1819 aka kai shi makarantar yara makafi ta Paris, wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan makarantar an buga su ne da manyan haruffan boko masu tudu, domin yaro ya shafa ya gane siffar kowane harafi. Littattafan ba su da yawa, ga nauyi, ga jinkirin karatu, kuma ɗalibi ba ya iya rubuta irinsu da kansa.

A 1821 makarantar ta gwada tsarin Charles Barbier, wani tsohon hafsan soja, wanda ke amfani da ɗigo masu tudu har goma sha biyu. Tsarin yana da matsala biyu: rukunin ɗigon ya fi ƙarfin kan yatsa, sannan a makarantar sautukan Faransanci aka wakilta da shi, ba ƙa'idar rubutu ba. Braille ya rage ɗigon zuwa shida, layi biyu a tsaye, kowane da uku, abin da ke ba da haɗi 63. Ya kuma ɗaura su a kan haruffa da alamomin rubutu, ta yadda makaho zai rubuta kalma daidai da yadda mai gani ke rubuta ta. Yana da kimanin shekara goma sha biyar ya kammala ginshiƙin aikin. Ya wallafa shi a 1829, ya sake fitar da shi da gyara a 1837. Da fari harafin w ba ya cikin jerin, domin Faransanci bai cika buƙatarsa ba, sai daga baya aka ƙara shi.

Braille ya zama malami a makarantar, kuma gwanin kaɗa molon coci. Ɗalibai sun rungumi tsarinsa, amma wasu malamai masu gani suka ƙi shi, domin ba su iya karanta shi ba, har aka taɓa hana shi a makarantar. Tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 6 ga Janairun 1852, yana da shekara 43. Sai a 1854 aka amince da tsarin a hukumance. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin manyan Faransa, aka bar ƙasusuwan hannayensa a Coupvray.

Abin da ya gano ya shafi ilimin harshe kai tsaye: harafi matsayi ne a cikin tsari, siffarsa kuwa tana iya sauyawa gwargwadon gaɓar da za ta karanta shi. A kan wannan fahimta damar makafi a intanet ta dogara a yau. Idan an shigar da rubutu a shafi a matsayin haruffa, manhaja za ta iya furta shi, ko na'ura ta mayar da shi ɗigo a ƙarƙashin yatsa. Idan kuwa hoton rubutu aka ɗora ba tare da bayani ba, ƙofa ta rufe. Haka nan mai rubuta Hausa da ya ajiye ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ya bar makaho da lalube tsakanin kafa da ƙafa. Tambayar da malaman Braille suka kasa amsawa a zamaninsa tana nan a gaban masu tsara shafuka: domin wa aka yi rubutun?