YOHANNA AMOS KOMENIYUS, BISHOP DA YA YI WA YARA LITTAFIN HOTUNA

A gidajen masu bi da yawa yanzu akan sami ɗan littafi mai hotuna, wanda uwa ta ke buɗe wa ɗanta da maraice, ta nuna masa jirgin Nuhu ko makiyayi da tumakinsa. Mun saba da wannan har muna zaton tun fil azal haka a ke yi. Amma akwai zamanin da ba wanda ya ga dalilin ɓata takarda da tawada saboda yaron da bai iya karatu ba tukuna. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya sāke wannan tunani. Shi fasto ne, ɗan gudun hijira kuma, wanda aka ƙone masa littattafai har sau biyu, duk da haka bai fasa yi wa yara aiki ba.

An haifi Yohanna Amos Komeniyus ran 28 ga Maris, 1592, a ƙasar Morabiya, wadda yanzu ta ke cikin Jamhuriyar Cek a tsakiyar Turai. Iyayensa 'yan wata ƙaramar ekklesiya ne da a ke kira Haɗin Kan 'Yan'uwa. Tushen ekklesiyan nan daga koyarwar Yohanna Hus ne, mai wa'azin da aka ƙone da wuta a shekarar 1415. Mutane ne masu son Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin yabo cikin harshensu, suna kuwa zaman sauƙin kai.

Yana da shekara wajen 12 uwa da uba suka rasu, ya zama maraya. Wata 'yar'uwar ubansa ta ɗauke shi, amma ba a daɗe ba sojoji suka ƙone garin da su ke. Saboda haka karatunsa ya yi baya ƙwarai. Sai da ya kai shekara 16 ya shiga makarantar Latin, ya zauna a benci ɗaya da yaran da ya girme su nesa. Wannan jinkiri ya zama masa alheri, gama da ya ke hankalinsa ya riga ya yi ƙarfi, ya iya lura da yadda a ke koyarwa. Ya ga ana tilasta wa yara su haddace kalmomin Latin waɗanda ba su san ma'anarsu ba, wanda ya yi tuntuɓe kuwa sai bulala. Ya ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun tsani littafi saboda tsoro. Abin nan bai fita daga ransa ba har mutuwarsa.

Shugabannin ekklesiya suka ga ƙwazonsa, suka aike shi Jamus ya yi karatun tauhidi a Harbon da Haidalbag. A 1614 ya komo gida a ƙafa, domin ba shi da kuɗin abin hawa. Ya fara koyarwa a makarantar da ya yi karatu, aka naɗa shi fasto a 1616. A 1618 aka ba shi ekklesiya da makaranta a garin Fulnek, ya kuma yi aure. Ga gida, ga garke, ga yara a makaranta. Da an bar shi, da watakila nan zai tsufa, ba mu kuwa ji sunansa ba.

Amma a shekarar nan ce yaƙi ya tashi a Turai, wanda ya yi shekara 30 ana yinsa. A 1620 aka ci mutanen Bohemiya da yaƙi kusa da birnin Farag, sarkin da ya yi nasara kuwa ya ƙudura ba za a yi wata sujada a ƙasarsa ba sai ta ɗarikar Katolika. Fastocin 'Yan'uwa suka zama abin farauta. Komeniyus ya gudu ya ɓuya. Yana cikin ɓuya annoba ta shiga, ta kashe matarsa da 'ya'yansa biyu ƙanana a 1622. Bayan wannan aka tara littattafansa a dandalin Fulnek aka cinna musu wuta. Shekararsa 30 ke nan, ba mata, ba ɗa, ba garke, ba littafi.

A 1628 ya bi sauran 'yan'uwa suka ƙetare duwatsu cikin sanyi zuwa ƙasar Folan, suka sauka a garin Leshno. Bai ƙara zama a ƙasar haihuwarsa ba. A nan ne muka ga irin zuciyarsa. Mutum da aka yi wa haka, da ya zauna yana ƙirga hasararsa ba wanda zai ga laifinsa. Shi kuwa ya dubi 'ya'yan 'yan hijira, ya ga cewa in ekklesiyarsu za ta rayu, a cikin yaran nan za ta rayu. Sai ya ɗauki alƙalami.

Ya rubuta wa iyaye mata wani ɗan littafi a kan renon yaro daga haihuwa zuwa shekara 6, aka buga shi da Jamusanci a 1633. A ganinsa cinyar uwa ita ce makaranta ta fari. Ya nuna yadda za a koya wa ƙaramin yaro sunayen abubuwan da ke kewaye da shi, da ƙirga kaɗan, da waƙa, da gajeriyar addu'a, da faɗin gaskiya, a bar shi kuma ya yi wasa, gama wasa aikin yaro ne. Ya koyar cewa makaranta ta kowa ce, mace da namiji, ɗan sarki da ɗan talaka, domin dukansu cikin surar Allah aka halicce su. Ya ce a fara koya wa yaro da harshen da ya sha a nono kafin a kai shi ga baƙon harshe. Mu da muka sami Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa tun 1932 mun san daɗin jin maganar Allah da harshen gida. Ya kuma shawarta a yi wa ƙananan yara littafin hotuna wanda za a sa a hannunsu. Amma sai da aka yi shekara fiye da 20 kafin shi kansa ya cika wannan buri.

Cikin shekarun nan sunansa ya bazu. Littafinsa na koyon Latin, wanda ya fito a 1631, ya shiga makarantun ƙasashe da yawa. A 1632 aka zaɓe shi bishop. Aka gayyace shi Ingila a 1641, amma yaƙin basasa ya tashi can, shirin ya wargaje. Ya yi wa gwamnatin Suwidin aikin shirya littattafan makaranta, yana sa zuciya cewa ran da za a yi sulhu za su tuna da mutanensa. Da aka yi sulhun a 1648 ba a ko ambaci 'Yan'uwa ba, ƙofar komawa gida ta rufe. A shekarar nan kuma matarsa ta biyu ta rasu.

Daga 1650 zuwa 1654 ya yi aiki a wata makaranta a ƙasar Hangari. Can ya tarar da yaran da karatu ya gundure su, ya zauna ya shirya littafin da muka fi tunawa da shi. Sunansa da Latin Orbis Piktus, watau Duniya Cikin Hotuna. A wancan zamani akan sassaƙa hoto a jikin katako, a shafa tawada, a danna a takarda. Ba a sami gwanin wannan sana'a a inda ya ke ba, sai aka aika da aikin birnin Nurambag a Jamus.

Kafin littafin ya fito, wata masifa ta sāke auko masa. A 1656, cikin yaƙin Folan da Suwidin, aka ƙone Leshno ƙurmus. Gidansa ya tafi, da ɗakin littattafansa, da rubuce-rubucen da ba a buga ba tukuna. A ciki har da ƙamus na harshensu da Latin wanda ya yi shekara fiye da 40 yana tattarawa. Yana da shekara 64 ya sāke zama ba shi da kome. Wani attajiri mai tsoron Allah ya ba shi masauki a birnin Amsadam na ƙasar Holan. Yana can, a 1658, aka buga littafin hotunan da Latin da Jamusanci.

Bari mu buɗe shi tare. A farko akwai hoton malami yana kiran yaro ya zo ya koyi hikima. Daga nan sai baƙaƙe, amma kowane baƙi an haɗa shi da kukan wani abu da yaro ya sani: ga hankaka, ga tunkiya, ga kare mai gurnani, ga maciji mai huci. Yaro yana kwaikwayon kukan yana dariya, bai sani ba ya koyi baƙin. Sa'an nan babi 150 su ke biye, kowanne da hotonsa. An sa lamba a jikin kowane abu cikin hoton, an sa lambar kuma kusa da sunan abin cikin rubutu, domin yaro ya ɗora yatsa a kan abu ya sami sunansa da kansa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne jerin babobin. Babi na fari a kan Allah ne, ba a kuwa zana shi da siffar mutum ba. Daga nan sai ayyukan hannunsa: sama da ƙasa, wuta da ruwa, itatuwa, tsuntsaye, kifaye, dabbobi, da jikin mutum. Sai sana'o'i, manomi da masunci, masaƙi da maƙeri da baduku. Sai gida da makaranta da birni. Sai halayen kirki, kamar himma da haƙuri da adalci da kyauta. Can wajen ƙarshe an ba da labarin Ubangijinmu Yesu Kristi a taƙaice, an nuna yadda Allah ya ke lura da talikansa, aka rufe da ranar shari'a. Yaron da ya bi littafin daga bango zuwa bango ya fara da Allah ya ƙare da Allah, duk abin da ya gani a tsakani kuwa ya gan shi cikin duniyar da Allah ya ke riƙe da ita. Komeniyus bai raba ilimin duniya da tsoron Allah gida biyu ba. A wurinsa, yaron da ke koyon sunan tsuntsu yana bin sawun Adamu ne, wanda Allah ya kawo wa dabbobi ya raɗa musu suna, kamar yadda mu ke karantawa cikin Farawa sura 2.

Ya ba iyaye da malamai shawara a gabatarwar littafin. A ba yaro littafin tun a gida, kafin ya shiga makaranta, ya yi ta kallon hotunan yadda ya ga dama. A tambaye shi sunan abin da ya gani. In abin yana kusa, a nuna masa shi zahiri. In yana so ya zana, a bar shi. Shekara ɗaya bayan fitowarsa aka juya littafin da Turanci, a 1666 kuma aka buga shi da harsuna 4 a haɗe. Ya yi shekara wajen 200 a hannun yaran Turai, masana da yawa kuwa suna lissafta shi cikin littattafan hotuna na fari da aka yi musamman domin yara.

Tsohon bai manta da garkensa da ya warwatse ba. Daga Amsadam ya buga musu littafin waƙoƙi da na tambaya da amsa a kan bangaskiya, ana shigar da su ƙasarsu a ɓoye. Kusa da ƙarshen ransa ya rubuta ɗan littafi a kan abu ɗaya da ya ke wajibi, daga maganar da Yesu ya yi wa Marta cikin Luka sura 10. Ya rasu ran 15 ga Nuwamba, 1670, yana da shekara 78, aka binne shi a garin Nardan. Bisa ga ganin ido, ya mutu bishop ne na ekklesiyar da ta ƙare.

Amma irin da aka binne bai ruɓe a banza ba. A 1722 waɗansu zuriyar 'Yan'uwa suka fito daga Morabiya suka kafa ƙauyen Harnhut a Jamus. A 1732 suka fara aika masu bishara zuwa ƙasashe masu nisa, a 1735 kuwa jikan Komeniyus ne ya ɗibiya wa bishop ɗinsu na fari hannu. A ƙasarsa ta haihuwa, wadda ta kore shi, ranar haihuwarsa ce a ke kiyayewa ta zama ranar malamai.

To, 'yan'uwa masu karatu, me za mu ɗauka? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 ba ya jin wa'azin fasto, amma yana ganin hoto, yana kuwa riƙe abin da uwarsa ta faɗa masa a kansa. In muna saya wa 'ya'yanmu takalmi da rigar Kirsimati, kada mu ga kuɗin ɗan littafi ya yi yawa. Mu zaɓi wanda ya ke faɗin gaskiya, mai harshen da yaro ya ke ji, mai hotunan da za su sa shi tambaya. Kada mu miƙa masa mu tafi, mu zauna tare da shi a tabarma. Inda littafi bai samu ba, akwai kaza da kajinta a tsakar gida, akwai gero a gona, akwai taurari da dare, kowannensu hoto ne da za mu fara magana da shi a kan Mahalicci. Waɗanda Allah ya ba baiwar rubutu da zane a cikinmu kuma, su tuna yaranmu suna bukatar irin waɗannan littattafai da Hausa.

Sa'ad da almajirai suka hana a kawo yara wurin Yesu, ransa bai ji daɗi ba, ya rungume su ya sa musu albarka. Komeniyus ya gane wannan, ya ba da ƙarfinsa ga ƙanana ko a lokacin da ya rasa kome. Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.